Shekara Tara a Littafin Tsoho

Grand Concourse, Bronx
6 ga Maris, 2016

Zuwa ga Yayata Hajiya Nimatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki, da duk mutanenmu na zangon Kwesimintsim da ke Takoradi. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumburi? Mu nan alhamdu lillahi. Matata A'i tana gaishe ki. 'Yarki Fauziya ma ta ce a gaishe ki, ko da yake da Turanci ta faɗa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Ban san kunne nawa ke kewaye da ke ba idan kina amsa waya a tsakar gida. Souley ne zai miƙa miki wannan hannu da hannu, ɗan Nijar ɗin nan mai kai kwantena tashar Tema. Ki karanta ke kaɗai.

Kafin in faɗi buƙatata, bari in tuna miki wanda ke magana. A aji uku na sakandare na bar makaranta, kuma daga ranar ba wanda ya riƙe hannuna. Da kankare tsatsa na fara a jirgin dakon katako. Saƙar igiyar ƙarfe da ido na koye ta, don bosin ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan dek, ba ya koya wa kowa komai. Na ga Las Palmas, na ga Antwerp, na ga Santos. Na sauka ƙasar nan da jaka ɗaya. Na wanke kwanuka, na tuƙa tasi, na gyara takarduna da sunana, na koma ruwa. Yau shekarata goma sha biyu a kan tog, ƙananan jiragen nan masu ja da tura manya a tashar New York. Mutum goma sha bakwai na koya wa aiki, uku cikinsu yanzu kyaftin ne. Ba wanda ya taɓa rasa yatsa a dek ɗina.

To ga abin da ya taso. Kamfaninmu ya sayi sabon jirgi da zai riƙa fita babban teku har Texas, ana neman bosin. Har mai dafa mana abinci ya san ni ne. Sai dai yanzu sun kawo sabon tsari: gwanintar kowa tana cikin kwamfuta, layi bayan layi, ko kore ko ja. Wadda ke riƙe da wannan aiki sunanta Keziya Jang, 'yar Jos ce ta Najeriya, Hausarta ta fi tawa tsabta. Ta kira ni ofis ta juyo mini da allon. Duka kore ne sai layi ɗaya. Ta ce hukuma tana so mutum ya nuna kwana dubu da tamanin a babban teku kafin a ba shi satifiket ɗin da ake buƙata don zama bosin, kuma kwanakin cikin tasha ba sa shiga lissafi. Na tambaye ta nawa kwamfutarta ta ba ni. Ta ce arba'in da shida.

Yaya, dariya na yi. Na ce mata shekara tara na yi a teku tun tana rarrafe. Ta ce ta yarda, amma ina takarda?

Kin san inda takardar take. A 1984 an rufe rajistar sababbin ma'aikatan jirgi a Takoradi. Yayana Tsoho yana da littafin jirgi amma bai taɓa tafiya ba, saboda jinyar Baba. Mun yi kama, kuma ba mu muka fara ba, rabin samarin zango da littafin 'yan uwansu suka shiga ruwa. Haka na zama Iddrisu Tanko, sunan Tsoho na yanka, shekara tara ana kirana Idi ina amsawa. Duk jirgin da na hau, kyaftin ya buga hatimi a littafin ya rubuta ranar shiga da ranar sauka. Da na bar jirgi a Brooklyn a 1993 littafin yana hannun kyaftin, daga baya na ji ya koma gida.

Sau biyu na kira Tsoho. Na farko ya ce zai duba. Na biyu ya ce layi ba kyau, ba ya jina, alhali ni ina jin kukan akuyar gidan tar kamar a kafaɗata take. Me yake ɓoyewa? Littafin a akwati yake kwance lokacin da na ɗauka, kuma takarda ba ta kankare tsatsa. Kwanakin nan nawa ne.

Ke ce babba. Ki karɓo mini shi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Gafaru

Grand Concourse, Bronx
24 ga Afrilu, 2016

Yaya Nimatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata ruwan bana ya sauka lafiya bai shiga ɗakuna ba. Na ji an yi wa Alhaji aikin ido, Allah ya ƙara sauƙi. Mu muna lafiya.

Takardarki ta iso. Sau uku na karanta wurin da kika ce Tsoho ya ce littafin ba zai bar hannunsa ba, in manta da shi, hakan ya fi mini alheri. Tun yaushe Tsoho ya san alherin aikin ruwa? Mutumin da iyakarsa bakin tasha?

Na sa Souley ya yi mini tambaya, kuma na fara gane bakin zaren. Ashe ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan jirgi tana nan, suna zama Lahadin farkon wata, kuma sakatarensu Baba Kojo yana da babban kundi da ya kwafo daga tsohon ofishin rajista, kowa da jiragen da ya hau. Souley ya leƙa da idonsa. Iddrisu Tanko, jirage bakwai. Sunana ba ya ciki ko sau ɗaya. To ki gaya mini, mutum yana da jirage bakwai a kundi ba tare da ya taɓa yin amai a teku ba, zai so a taɓa littafin? Ina ganinsa a raina yana zaune a gaba yana ba su labarin Antwerp, labarin da ni na ba shi.

A nan ma ba a bar ni ba. Na koma wurin Keziya na gaya mata gaskiya da Hausa, don Turawan ofis kada su ji. Na ce akwai littafi, shekara tara cif, sai dai da sunan yayana, kuma zan rantse a gaban kowace hukuma cewa ni ne. Yaya, sai matar nan ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce:

"Baba Gafaru, ban ji abin da ka faɗa ba. Kuma don Allah kada ka sake faɗarsa a ginin nan."

Ko biro ba ta ɗauka ba. Wadda in ka yi tari sai ta shigar a kwamfuta.

Na fito ina juya abin a feri, jirgin fiton da ke kai ni ofis, har Manhattan, sai na tuna wanda ke neman kujerar tare da ni. Dachung ne. Shi ma mutumin Filato ne, cocinsu ɗaya da Keziya a Soundview. A 2008 ya zo mana bai san gaban jirgi da bayansa ba. Mutumin kan dutse, ruwan tasha da ke kwance lumui ma sai da ya sa shi amai kwana uku. Ni na koya masa tsayuwa, ni na koya masa inda ba a sa ƙafa idan igiya ta ɗau nauyi. Daga baya kamfani ya tura shi jirgin mai da ke zuwa Florida shekara huɗu, shi ya sa layinsa ya zama kore. Wa ya tura shi? Ban ce komai ba. Amma ranar Talata da idona na gan shi ya shiga ofishinta da kula, ya fito babu ita. Na tambaye shi, ya ce gwate ne matarsa ta dafa. To, gwate.

Har cikin gidana abin ya shigo. A'i ta ce in haƙura, tog ɗin ma ai aiki ne. Da na matsa mata sai ta ce sun haɗu da Keziya a shagon kayan miya na titin 167, sun gaisa. Gaisuwa kawai, in ji ta. Shekara nawa tana zuwa shagon nan ba su haɗu ba sai yanzu?

Ki sake zama da Tsoho. Ki ce masa ba kujerarsa ta ƙungiya nake so ba, aron littafin kawai zai ba ni.

Naki,
Gafaru

Grand Concourse, Bronx
19 ga Yuni, 2016

Yaya Nimatu,

Barkanku da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Ina fata azumi bai wahalar da ke ba, ga maganin hawan jini. Ki gaida Alhaji da yara.

Kafin azumi kamfani ya tura mu kwas na kwana biyar, wai sabunta satifiket. Suna tsammani tsoho zai ja da baya. Na shiga ɗakin hayaƙi da tulun iska a baya na kashe wuta. Na sa rigar robar nan mai kama da fatar kwaɗo na yi tsalle cikin ruwa daga sama. Na kifar da kwale-kwalen ceto na mayar da shi daidai ni kaɗai, da shekara hamsin da biyu a kaina, wani mai shekara talatin sai da aka ciro shi da sanda. Malamin ya tambayi inda na koya. Na buɗe baki, sai na tuna maganar Keziya, na ce a nan tasha. Ban taɓa jin ɗacin ƙarya irin na ranar ba.

Sai kuma gwajin hannu a kan jirgi. Kin san wa aka ba takardar gwada ni? Dachung, don shi yana da shaidar mai gwaji. Aikin kuma saƙar igiyar ƙarfe, wadda ni na ɗora yatsunsa a kai. Ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce Oga bari kawai ya sa hannu, kunya yake ji. Na ce a'a. Na san irin wannan kirki. Yau ka sa hannu ba ka gani ba, gobe a ce Gafaru da alfarma ya wuce, ga kyamara a saman dek tana kallo. Na sa ya tsaya da agogo. Minti goma sha ɗaya. Ya ce bai taɓa ganin mai kyau irinta ba. Na ce ya gani, a 2008, sau arba'in.

Ranar ɗaya ga Agusta za a rufe sunayen ma'aikatan sabon jirgin. Na yanke shawara. Ba zan sake bi ta ofishin Keziya ba. Hukumar da ke ba da satifiket tana da ofis a Battery, kusa da inda nake hawa feri. Da ƙafata zan kai musu littafin, in ce ga ni ga shi, su tambaye ni kowane jirgi, zan gaya musu har launin ƙofar kicin.

Kin ce kin yi magana da Tsoho ya tashi ya fita. To magana ta ƙare. Littafin yana cikin koren akwatin Baba, makullin yana rataye bayan hoton Makka. Ranar Juma'a idan ya tafi masallaci ki ɗauko. Ba sata ba ce, gumina ne a ciki. Souley zai taso ranar goma ga Yuli.

Idan ke ma kin ƙi, zan san inda kowa ya tsaya.

Ƙaninki,
Gafaru

Grand Concourse, Bronx
7 ga Agusta, 2016

Zuwa ga Yayana Iddrisu Tanko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Yaya bayan naka? Yaya Nimatu ta ce yanzu a zaune kake salla. Allah ya ba ka lafiya. Na san boko ba karatunka ba ne, ita za ta karanta maka, kuma na roƙe ta kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Littafin ya iso. Ta rubuto mini cewa ba ta taɓa makullin ba, wasiƙata ta karanta maka dukanta, har wurin ranar Juma'a. Ta ce kai da kanka ka buɗe akwatin ka naɗe shi a leda, ka ce a gaya mini in fara duba shafin ƙarshe kafin in nuna wa kowa. Na ɗauka wata dabara ce. Ban buɗe ba sai da safe a jirgin ƙasa, ina sanye da kwat, saura tasha uku in sauka a ofishin hukuma.

Hotonka na fara gani, kana ɗan shekara ashirin da huɗu. Sai hatiman jiragen bakwai. A gefen kowanne ka rubuta da ajami, da ƙaramin rubutun nan naka na makarantar Malam Sani: Gafaru ne. Gafaru ne. Har bakwai. Sai shafin ƙarshe, wanda ban taɓa gani ba don bayan tafiyata aka buga shi. Jan hatimi. Ya gudu daga jirgi, Brooklyn, 11 ga Mayu 1993. A ƙasa kuma da biro: an soke sunansa daga rajista, kada a sake ɗaukarsa. A gefen wannan ba ka rubuta komai ba.

Na wuce tashata ban sani ba.

Sauran Yaya Nimatu ta gaya mini. Ta ce bayan rasuwar Baba ka sayi takalmin aiki ka ajiye kana jiran in dawo. Ta ce da ka je ofishin rajista sai aka nuna maka layin, kuma da ka ce ba kai ba ne da an nemo wanda ya tafi, sai ka juya ka fito. Shekara ashirin da uku kana dakon katan ɗin kifi a gidan ƙanƙara na Sekondi. Kuma ashe ko sau ɗaya ba ka taɓa zama a ƙungiyar ba, don a kundin Baba Kojo ma layin yana nan, Souley ne bai karanta har ƙasa ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da ka raka ni tasha a tafiyar ƙarshe, ka riƙe hannun jakata ka ce, "Wannan karon ka dawo mini da shi, lokacina ya yi." Na ji ka sarai. A Brooklyn ma na tuna. Na gaya wa kaina za ka yi wani littafin, ban kuma taɓa tambaya ba, don ban so in ji amsa.

Ban shiga ofishin hukuma ba. Feri na hau na kai wa Keziya, na ajiye mata shafin a gabanta. Ta duba ta rufe ta tura mini shi. Ta ce ko babu jan hatimin, ranar da na kai littafi mai sunan wani, tambayar farko ita ce da wane suna na shigo ƙasar, kuma daga nan ba satifiket kaɗai za a taɓa ba, har takardun zamana. Ta ce abin da ta roƙi A'i ta fahimtar da ni ke nan a shagon kayan miya. Ashe dai ba gaisuwa kawai ba ce, a nan ban yi kuskure ba.

Dachung ne bosin. Ni kuma ta sa sunana a jirgin a matsayin ma'aikacin dek, tun kafin in zo, don kwanakina su fara taruwa da sunana. Saura dubu da talatin da huɗu. A irin jirginmu ranar aikin awa goma sha biyu ana lissafa ta kwana ɗaya da rabi, don haka shekara huɗu ne in da rai. Na karɓa. Zan yi aiki a ƙarƙashin mutumin da na koya wa ɗaurin igiya, kuma zan sa masa ido, don har yanzu ban gamsu da maganar gwaten nan ba.

A wasiƙata ta farko na ce wa Yaya ba wanda ya riƙe hannuna. Tsatsar ni na kankare, wannan ba zan janye ba. Amma da sunanka na shiga ƙofar, kuma na rufe ta a kanka. Ban iya irin maganar da ake yi a nan ba. Ka yafe mini.

Yanzu ga abin da nake so, kuma ba roƙo ba ne. Souley zai dawo maka da littafin, naka ne. Lahadin farkon wata ka sa babbar riga, Yaya Nimatu ta raka ka wurin ƙungiya. A karanta wannan takarda a gaban kowa. Sannan Baba Kojo ya buɗe kundinsa. A jiragen nan bakwai, ya rubuta sunana, don ni na hau su. A layin gudun kuma, inda ka bar gefen babu komai, ya soke naka ya rubuta nawa, da babban rubutu, don ni na gudu. Idan ya ce kundi ba a gyara shi, ka ce masa mai abin ne ya ce a gyara. Idan ya ce abin zai iya dawo mini, ka ce na ji.

Kada ya rubuta Idi. Kada ya rubuta ƙanin wane. Ka tsaya a kansa har ka ga ya rubuta shi cikakke, kuma a ɗauko mini hoton shafin in gani da idona.

Ƙaninka,
Abdul-Gafaru Tanko